Ku Ba 'Yan Kallo Ba Ne

Kusan kullum sai rediyo ya kawo shi, can wajen ƙarshen labarai, bayan an gama da 'yan siyasa da farashin masara: masana sun gano kaza, an harba kumbo kaza, an ƙera na'urar da ke iya kaza. Bakanike yana ƙarƙashin mota ya ji, ya girgiza kai ya ce, "Aikin Nasara ke nan," ya ci gaba da ɗaure notinsa. Tela ta ji, ta ce Allah mai iko, ta mayar da ƙafa kan keke. Mamaki ba laifi ba ne. Abin da nake ja da shi shi ne sunkuyar da kan da ke biyo baya, kamar an raba duniya gida biyu, masu ƙirƙira suna can, mu kuma an ba mu tabarma mu zauna kallo.

Ya ku masu cin guminku, wannan rabo babu shi. Mai karanta labarai minti ɗaya aka ba shi, shi ya sa yake ambaton sunan farfesa ya wuce. Da za a ba shi awa guda ya buɗe cikin labarin, da kun ji aikinku a ciki tun daga farko har ƙarshe.

Mu fara daga can sama, inda ake ganin ko takalmin zuwa ba mu da shi. Ranar 25 ga Disamban 2021 aka harba madubin hangen nesa na James Webb daga Kourou, a gaɓar Kudancin Amurka. Ya ci kuɗi wajen dala biliyan 10. Yanzu haka yana nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, yana kamo hasken da ya baro taurarinsa fiye da shekara biliyan 13 da suka wuce, kuma tun Yulin 2022 hotunansa ke yawo a wayoyinmu. To, me ya hana injiniyoyinsa barci? Madubin ba ya gani sai cikin sanyi mai tsanani, don haka aka yi masa laima mai rufi biyar, tsawonta wajen mita 21, faɗinta 14, kowane rufi bai fi kaurin silin gashi ba. Laima mai wannan girma ba ta shiga roka a buɗe. Sai da ma'aikata suka naɗe ta da hannu, ninki bisa ninki, aka soke ta da fil 107, da sharaɗin in an isa sama kowanne zai saki a lokacinsa. An lissafa wurare 344 waɗanda in ɗaya ya ƙi aiki an yi asarar komai, kuma babu mai iya zuwa gyara. A 2018, ana cikin gwaji, aka jijjiga na'urar sai ga ƙananan kusoshi sun zubo daga murfin laimar. Wannan da wasu kurakuran hannu irinsa suka sa aka sake ɗage tashin, kuɗi ya ƙaru da ɗaruruwan miliyoyin dala.

Kusa fa, jama'a. Irin wadda yaron shago ke ɗaurewa rabi ya ce ta isa.

Wansa Hubble ma bai tsira ba. An harba shi a 1990, hotuna suka dawo dishi-dishi. Da aka bi diddigi, ashe wajen goge madubin ne aka zarce da wajen kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin gashi, saboda na'urar awon da aka dogara da ita an saita ta a karkace da ɗan abin da ya haura milimita ɗaya. A Disamban 1993 'yan sama jannati bakwai suka tashi da akwatin kayan aiki, suka kamo shi, suka fita waje har sau biyar suna kwancewa suna ɗaurewa. Ya warke, kuma fiye da shekara talatin ke nan yana aiki. Ku kira abin da suka yi da duk sunan da kuka ga dama, ni dai kanikanci na gani.

Mu sauko ƙasa, ga abin da ya shiga ɗakin kowa. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutum kusan 600,000 a duniya duk shekara, akasarinsu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma wajen uku cikin kowane goma na mamatan 'yan Najeriya ne. Babu gidan da bai san irin daren nan ba na tsakiyar damina, jikin yaro ya yi zafi rau, uwa na jiƙa tsumma tana goga masa, uba na buga ƙofar mai kemis. Masana sun daɗe suna neman allurar rigakafinsa suna shan ƙasa, domin ƙwayar cutar tana sauya kama. Sauro zai zuba ta a jini da wata siffa, nan da nan ta shige hanta ta hayayyafa, sannan ta fito da wata siffar daban ta auka wa jajayen ƙwayoyin jini. Dabarar da ta ci a ƙarshe ita ce a tare ta a hanya, tsakanin bakin sauro da hanta. A nuna wa jikin yaro rigar da take sanyawa a wannan ɗan taƙin, ya shaida ta, ya zauna da shiri.

Allura ta farko, RTS,S, tun 1987 aka soma aikinta, amma sai a Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa yara. Shekara 34 ke nan. Wasu da suka fara aikin da baƙin gashi sun ga ƙarshensa da furfura, wasu ma sun bar aiki kafin nan. Ta biyu, R21, wadda Jami'ar Oxford ta haɗa, ta samu amincewa a Oktoban 2023. Ina aka gane tana aiki? A Nanoro, wani gari a Burkina Faso, ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, inda aka bibiyi yara 450, sakamakon 2021 ya nuna kariya ta kashi 77 cikin 100. Daga nan aka faɗaɗa zuwa yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, aka ga a wuraren da zazzaɓin ke zuwa da damina, irin namu, ta rage kamuwa da kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Kowane ɗigo na wannan lissafi aikin wani ne. Akwai mai bin gida-gida yana duba yaro, akwai mai ɗaukar jini a yatsa, akwai wanda ya duƙa kan madubin awo yana ƙirga ƙwayoyin cuta har idonsa ya yi yaji, akwai mai rubuta suna da rana ba tare da ya haɗa na Audu da na Sani ba. Akwai kuma iyaye mata da suka riƙa goyo yara suna kawowa a ranar da aka ce. Da ɗaya daga cikinsu ya yi ha'inci, lissafin ya ɓaci, Oxford ba ta da abin nunawa.

Yanzu ku bi kwalbar R21 ɗin nan daga tushe. Sinadarin da ke ƙara wa allurar ƙarfi daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake tatso shi. A birnin Pune na Indiya ake sarrafa ta, a masana'antar Serum Institute, wadda ta ce za ta iya yin miliyan 100 a shekara, kuɗin kowace ɗaya bai kai dala 4 ba. Kamaru ce ta fara saka rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin alluran yau da kullum a Janairun 2024. Nijar ta bi a Satumba, ta fara daga Gaya. Najeriya ta fara a Disamba da jihohin Kebbi da Bayelsa, kuma ba a zaɓi Kebbi a banza ba: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, lokacin da na Legas bai kai kashi 3 ba.

To daga filin jirgi zuwa cinyar jariri, wa ke riƙe da ita? Dole ta zauna tsakanin ma'aunin sanyi 2 da 8. Ta yi zafi ta lalace, ta daskare ta lalace, kuma lalatacciya ba ta sauya launi balle a gane da ido. Direban motar sanyi da ya ƙi kashe inji ya tafi cin abinci yana cikin aikin. Mai gyaran firjin sola na asibitin ƙauye yana ciki. Wadda ke duba ma'auni safe da yamma ta rubuta gaskiyar abin da ta gani, ba abin da oga ke son gani ba, tana ciki. Ɗan acaɓan da ya ratsa laka da akwatin ƙanƙara a baya yana ciki, haka mai shela, haka mai unguwa, haka ungozomar da mata ke jin maganarta fiye da ta likita. Kuma allurar sau huɗu ce: a Najeriya, wata biyar, wata shida, wata bakwai, sai ta ƙarshe a wata goma sha biyar. A wannan dogon tsakanin, daga bakwai zuwa sha biyar, yara ke ɓacewa. An tafi cirani, kati ya jiƙe, an yi sabon ciki, an manta. Babu farfesan da zai iya toshe wannan rami daga Ingila. Malamar asibitin da ta san gidan kowa, wadda za ta tare uwa a wajen suna ta ce, "Maman Khalifa, saura ɗaya fa, ranar Talata ina jiranki," ita ce mai toshe shi.

Ladan ba ƙarami ba ne. A gwajin da aka yi a Ghana da Kenya da Malawi daga 2019, inda aka yi wa yara fiye da miliyan 2, mutuwar yaran da suka isa karɓar allurar RTS,S ta ragu da kashi 13 cikin 100. A Mali da Burkina Faso kuma an ga idan aka haɗa allurar da maganin nan da ake raba wa yara wata-wata da damina, zazzaɓi mai tsanani da mutuwa na raguwa da wajen kashi 70 cikin 100 fiye da a yi ɗaya kaɗai. Wato masu yawo da jakar magani cikin ruwan Agusta, da masu rabon gidan sauro, ba a sallame su ba. Ƙara musu aiki aka yi.

Ba wannan ne karon farko ba. Waɗanda suka manyanta ba su manta 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 250,000 a Afirka ya kashe fiye da 25,000, kuma Arewa na cikin inda ya fi ɓarna. A Maris ɗin 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai tare iri biyar na ƙwayar sanƙarau a tsira ɗaya, kuma a Jigawa da Bauchi da Yobe aka fara. Duniya ta zuba ido ta ga yadda za ta kaya, kuma hannun ma'aikatan lafiyarmu ne ya nuna mata. Haka ranar 25 ga Agustan 2020, da aka shelanta cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Takardar a ofis aka sa mata hannu, amma da ƙafa aka samo ta, ƙafar matan da suka bi lungu-lungu da alli a hannu suna shan zagi da korar kare. Tara daga cikin irinsu aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. Allah ya jiƙansu. Sauran ba su ajiye akwati ba.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. Albashi na makara, alawus na maƙalewa a hanya, ranar biki a kira manya a ba su lambar yabo, wanda ya yi aikin yana bayan rumfa ko ruwan leda bai samu ba. Ku nemi haƙƙinku da babbar murya, ku shiga ƙungiya, ku riƙe takardunku. Amma kada fushin wanda ya zalunce ku ya sauka a kan jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kada kuma in yi muku romon baka cewa duk abin da aka gano zai iso. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara ƙwayar halitta don warkar da ciwon sikila. Ana ɗebo ƙwayoyin ɓargon mai ciwon, a gyara su a ɗakin bincike yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, a mayar masa. Abin al'ajabi ne, kuma farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai wajen 150,000 a shekara. Wa zai biya? Kafin ranar da zai sauko, abin da ke tsakaninmu da wannan ciwo yana hannun mai gwajin jini. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Yanzu da jihohi irin Kano suka wajabta gwaji kafin aure, takardar da ɗan ɗakin gwaji ya sa wa hannu tana iya ɗaura aure, tana iya kwance shi. Ɗan'uwa mai farar riga, in sakamako ya yi maka shakka, sake shi. In aka miƙo maka wani abu a ƙarƙashin tebur don AS ya koma AA, tuna kukan yaron da ba a haifa ba tukuna.

Wani lokaci ma ganowar daga wajenmu take tasowa, masana su zo daga baya suna aunawa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, ƙasar Maradi ta yi fayau. An kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa, rani na zuwa yana cinyewa. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara a gona ba ciyayi ba ne, tohon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin yi shi ne a zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga wuta da dabba. Babu reno, babu ban ruwa, babu sayen komai, wuƙa ce da haƙuri. Manoma suka kira shi sassabin zamani. Da farko dariya ake yi wa mai barin ƙazanta a gona, ga kuma dokar gandun daji da aka gada daga Faransa, wadda ta mayar da itace na gwamnati, har mutum na tsoron barin bishiya ta girma a gonarsa. Da dokar ta sassauta, maƙwabci ya ga geron maƙwabci a ƙarƙashin gawo, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram, inda dama sarakunan da suka shuɗe sun taɓa tsananta doka kan sare gawo. Manomi ya riga kowa sanin halin wannan itace: yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma dabbobi su ci da rani.

Sai bayan shekara ashirin masana suka ɗora tsofaffin hotunan sama a kan sababbi suka riƙe baki. Ƙiyasinsu ya nuna hekta miliyan 5 ta farfaɗo, da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. Yana cikin manyan ayyukan farfaɗo da ƙasa da aka taɓa gani a Afirka, kuma talakawa masu gatari suka yi shi ba tare da an ba su kwangila ba.

Nan ne ma zan taɓo abin da ke ba mutane tsoro yanzu, wato ƙirƙirarriyar basira. A 2020 wata tawaga ƙarƙashin Martin Brandt na Jami'ar Copenhagen ta sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a hotunan tauraron ɗan'adam na yammacin Sahara da Sahel. Ta samu biliyan 1.8 a inda taswira ke nuna kusan babu komai, kuma zuwa 2023, da aka faɗaɗa yankin, lissafin ya kusa biliyan 10. Amma kafin kwamfutar ta san bishiya, sai da shi Brandt ya zauna ya zagaye itatuwa kusan 90,000 da hannunsa yana nuna mata. AlphaFold, manhajar da ta hasko siffar sinadaran furotin fiye da miliyan 200 har masu ita suka samu kyautar Nobel a 2024, daga ma'ajiyar da ma'aikatan ɗakunan bincike suka yi ta tarawa tun 1971 ta koyi karatu. ChatGPT ma, mujallar Time ta bankaɗo a 2023 cewa wasu matasa a Kenya ne suka riƙa tace mata ƙazamin rubutu a kan kuɗin da bai kai dala 2 a awa ba. Gumin mutane ne a cikinta, wani an biya shi da kyau, wani an cuce shi. Za ta taɓa wasu ayyukan tebur, wannan babu musu. Amma har yau ba ta hau kwano ta ɗaura waya ba, ba ta karɓi haihuwa ba, ba ta ji ƙarar inji ta ce bel ne ba. Ku sa ta aiki yadda kuke sa kowane kayan aiki: ku tambaye ta, sannan ku gwada abin da ta faɗa kafin ku yarda, domin tana iya sharara ƙarya ba ko ƙifta ido.

Ga kuma inda nake ganin abinci ya fi kusa da baki. Tsakanin 2010 da 2020 farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, batirin litiyam ma ya bi sahu. A Mayun 2023 aka cire tallafin fetur a Najeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Mai injin ban ruwa a Kura da Haɗeja ya ji a jikinsa, haka mai aski, mai cajin waya, mai sayar da ƙanƙara. Waɗannan abubuwa biyu da suka haɗu su ne suka cika kasuwa da faranti. Cibiyar Ember mai bin lissafin makamashi ta ce a wata goma sha biyun da suka ƙare a Yunin 2025 Afirka ta shigo da farantan sama da megawat 15,000 daga China, Najeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu da sama da 1,700. Ku tuna wutar da layin ƙasa ke rabawa yawanci tsakanin megawat 4,000 da 5,000 take yawo. Faranti sai da rana yake bayarwa, gaskiya ne, amma ko a haka lissafin ba na wasa ba ne. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin fetur daga ƙananan motocin haya yana sa musu batir. Bai jira an aiko daga Japan ba.

Duk farantin nan sai an ɗora shi, an haɗa shi, an gyara shi, kuma a nan za a bambance mai sana'a da ɗan ka-ci-ka-gudu. A ƙasarmu faranti kudu yake fuskanta, a ɗan jingine da digiri 10 zuwa 15, yadda zai sha rana kuma ruwan sama ya wanke shi. Kada a manna shi da kwano, a bar masa wurin shan iska, domin zafi rage masa ƙarfi yake yi, duk digiri ɗaya sama da 25 yana cin wajen kashi ɗaya cikin uku na kashi ɗaya cikin 100. Inuwar reshe ɗaya ko ta tankin ruwa tana iya durƙusar da layi guda. Ƙurar hunturu kuwa sai an bi ta da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, kuma wannan kaɗai sana'a ce ga yaron da ke neman na kansa. Wayar da ke tsakanin batir da inbata dole ta yi kauri, saboda wutar da ke bi ta nan mai yawa ce, siririyar waya zafi za ta yi har ta kama. A sa fis, a sa wayar ƙasa. Batirin ruwa ba a shanye shi ya wuce rabi in ana son ya daɗe, na litiyam ya fi jure zurfi. Wanda ya lissafa kayan wutar gida kafin ya faɗi kuɗi, ya gaya wa mai gida gaskiya cewa wannan ba zai ɗauki firji da dutsen guga tare ba, zai rasa ciniki ɗaya yau, unguwa guda ta neme shi baɗi.

Masu fasa tsohon batir, ku yi wa Allah ku yi hattara. Dalma ce a ciki. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ba ta wari, ba ta ɗaci, a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro. Kada a fasa batir ko a narka dalma a tsakar gida, kada a shiga da kayan aiki ɗakin iyali, a wanke hannu kafin a kai loma.

Saura ku iyayen gida, masu shago da masu gareji, masu yara goma a ƙarƙashinku. Abin da ya raba ɗakin bincike da garejinku bai wuce biyu ba: suna aunawa, suna rubutawa. Ku sayi mitar awon wuta ku daina taɓa waya da harshe. Ku ajiye littafi ɗaya a shago, duk aikin da ya zo a rubuta abin da ya same shi, abin da aka yi masa, da ko ya dawo. Manomi ya rubuta ranar shuka, irin da ya sa, buhun da ya samu. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Bayan shekara biyu littafin nan zai gaya muku abin da ko injiniyan kamfanin bai sani ba game da kayansa a zafin Sakkwato da ƙurar Agadas. Ku buɗe wa 'yan mata ƙofa, ga gyaran waya, ga haɗa sola, ga gwajin jini, akwai gidajen da namiji ba ya shiga, kuma su ma suna son wuta. Idan yaronka ya tambaye ka me ya sa ake yin kaza, kada ka ce masa haka muka tarar. Ajiye sifana ka yi masa bayani. In kai ma tambayar ta tsaya maka, ku nemo amsar tare, ku rubuta ta, ku gwada a aikin da zai shigo gobe.